Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Lauyan Jihar Kano: A Kai Lauya Inda Ake Ƙulla Ciniki

Mai girma Babban Lauya kuma Kwamishinan Shari'a na Jihar Kano,

 

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan mutanen da ba sa zama gaban lauya sai ranar da aka riga aka cuce su. Matar da mijinta ya rasu ya bar gida ɗaya da magada a ɗaki uku. Leburan da ya shekara goma yana zubin adashi har ya sayi filin awon igiya a bayan gari. Telan da ya kama hayar shago, ya yi masa silin da fenti da kuɗinsa, sai mai shago ya ce ya tashi ƙarshen wata. Matashin da ya karɓi babur ɗin a-daidaita-sahu a kan zai riƙa biya kullum har ya zama nasa. Babu mai laifi a cikinsu, babu kuma wanda ya fito neman rigima. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: ranar da suka sa hannu, ko suka dangwala yatsa, ko suka ce "na yarda" a gaban shaidu, babu wani masanin doka a kusa da zai ce musu ku dakata, bari in duba. Buƙatata ita ce gwamnatin jiha ta samar da wannan mutumin, ta zaunar da shi inda talaka zai same shi kyauta, tun kafin a kai ga sammaci.

Ban ce ba a yi komai ba. Tun 1976 aka kafa hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi tallafin lauya, kuma dokar da aka sabunta mata a 2011 ta faɗaɗa aikinta har ya haɗa da wasu ƙararrakin da ba na laifi ba, da wayar da kan jama'a, da amfani da mataimakan lauyoyi waɗanda aka horar. Amma ma'aunin da dokar ta sa a gaba shi ne wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Mai ƙaramin shago a Kofar Wambai zai iya wuce wannan ma'auni a lissafi, alhali ba zai iya ɗaukar lauya ba ko da zai sayar da rabin kayansa. Sannan ƴan lauyoyin da hukumar ke da su, yawancin ƙarfinsu yana tafiya ne wajen waɗanda ke tsare a gidan yari suna jiran shari'a, kuma ba wanda zai ga laifinsu, don wanda ke kulle ya fi kowa gaggawa. A nan gida muna da kotun sulhu da aka buɗe a 2009, da kotun ƙananan basussuka da aka fara a 2019, da Hukumar Hisba wadda tun 2003 take raba gardamar aure da ta maƙwabta, da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a. Duk suna aiki gwargwadon ƙarfinsu. Sai dai kowace daga cikinsu ana zuwa mata ne bayan an ɓata. Ba wadda aka kafa domin mutum ya shigo da takarda a hannu ya ce, "Malam, gobe zan biya kuɗin wannan fili, duba mini."

Bari in fara da ƙasa, don a nan hawaye ya fi zuba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da izinin zama. A karkara, ƙaramar hukuma. Sashe na 22 ya ce wanda ke riƙe da izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma tun shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan sharaɗi ba ado ba ne, yana iya rushe ciniki ɗungurungum. Kai ka san wannan sarai. To amma je ka unguwannin da birni ke cinye gonaki, ta wajen Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, ka ga yadda ake ciniki. Mai gona ya kira masu igiya su yanka masa fuloti-fuloti. Dillali ya kawo mai saye. A ba da kafin alƙalami, a sa ranar cikawa. Ranar a rubuta ƴar takarda, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu su sa hannu, a ba dillali la'adarsa, a yi fatiha a watse. Mai saye ya koma gida yana ganin ya mallaki fili har abada.

Ba a gaya masa ya je ma'aikatar ƙasa ko ofishin KANGIS mai kula da bayanan filaye a bincika ko gwamnati ta riga ta shata wurin domin hanya ko makaranta ba. Ba a tambayi mai sayarwa ko gonar tasa ce shi kaɗai ko ta gado ce da ba a raba ba. Ba a rubuta iyaka da awo na gaskiya ba, sai "gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane", alhali su wanen ma sun sayar sun tashi. Bayan shekara biyar, ya fara zuba harsashi, sai ga wani da irin takardarsa, hatimi ɗaya, fili ɗaya. Ko ga ƴan'uwa mata na mai sayarwa sun zo sun ce ba a ba su kasonsu ba. Ko ga jan fentin hukuma a bango, alamar za a rushe. Tambayoyin da za su hana wannan duka ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma lauyan da ya fito makaranta bara ya san su. Mai sayen ne bai da inda zai same shi.

Idan rigimar ta tashi kuma, akwai wani ramin da ko masu ilimi ke faɗawa: wace kotu za a je? Talakanmu ya fi sakin jiki da kotun shari'ar Musulunci, don a can ake magana da harshensa, da hukuncin da ya sani tun yana makarantar allo. Amma sashe na 39 na dokar amfani da ƙasa ya keɓe wa Babbar Kotu rigimar filin da ke da izinin gwamna, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan al'amuran iyali: aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Saboda haka mutum kan shigar da ƙarar fili, ya yi nasara, a ɗaukaka, ya sake nasara, sai a kotun gaba a ce wadda ta saurari ƙarar ba ta da hurumi tun farko, a soke komai, a ce a koma a faro. Shekaru sun tafi, shaidu sun mutu, kuɗin da ya kashe ya kusa kai kuɗin filin. Mutanenmu kan ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Gaskiya ne, amma wannan asarar ba daga cikin shari'ar ta fito ba. Daga ƙofar da aka shiga ne, kuma da an sami mai nuna ƙofa da ba a yi ta ba.

Rushe-rushen da aka yi a birni a 2023 sun koya mana wani abu, ko wane ɓangare mutum yake a siyasa. Ƴan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Sun kai ga haka ne don suna da ƙungiya, suna da takardu, suna da lauyoyi. Manomin da hanya ta bi ta gonarsa a ƙauye shi ma doka ta ba shi haƙƙin diyya a kan amfanin gona da abin da ya gina, amma sau da yawa abin da aka miƙa masa shi zai karɓa ya ce an gode, don bai san yana da bakin magana ba.

A kan gado, Ranka ya daɗe, matsalarmu ba rashin hukunci ba ce. Ba abin da aka fayyace kamarsa. Yaron islamiyya ya san mace tana da tumuni idan mijin ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba. Ya san sai an biya bashi an zartar da wasiyya kafin a raba. Ya san wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Inda ake faɗuwa shi ne tsakanin hukuncin da takardun zamani. Uba ya ce a gaban iyali, "Wannan gida na ba wance," amma bai tashi daga ciki ba, bai damƙa mata ba, har ya rasu. A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa an riƙe ba kafin mai bayarwa ya mutu komawa take cikin gado, sai ƴar ta wayi gari ba ta da komai sai kasonta, zumunci kuma ya lalace a kan abin da uban ya yi niyyar alheri da shi. Ma'aikaci ya rubuta sunan ƙaninsa a fom ɗin banki ko na fansho a matsayin makusancin da za a tuntuɓa, ƙanin ya ɗauka an ba shi dukiyar ne, alhali wannan suna ba ya mayar da kowa magaji. Matar mamaci ta je banki da yara a goye, a ce ta kawo takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Ba ta san inda ake samunta ba, ba ta san nawa ake biya ba, sai ta faɗa hannun masu zirga-zirga a harabar kotu waɗanda ba lauyoyi ba ne, ba ma'aikata ba ne, amma kullum suna nan.

Akwai kuma gadon da ake bari ba a raba ba, wai don kunya ko don kada a ce an ƙosa. Babban wa ya ci gaba da zama a gidan, yana karɓar kuɗin haya, yana gyara, har ƴaƴansa su taso suna ganin na ubansu ne. Malamanmu na fiƙihu, daga littafin Tuhfa zuwa sharhohinsa da alƙalanmu ke aiki da su, sun yi dogon bayani a kan hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum mai shi yana gani bai yi magana ba: shekara goma tsakanin bare, ya fi haka nesa ba kusa ba tsakanin dangi. Mata ne suka fi cutuwa a nan, don su aka fi koya wa yin shiru. Na fi son in ga ranar da mace za ta iya shiga wani ofis a sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ta sami mace ƴar'uwarta masaniyar doka, ta tambaya a asirce ba tare da an ce ta kai ƴan'uwanta ƙara ba.

Kasuwa kuwa, Kano da amana ta ginu, kuma ba na fatan ranar da za a daina. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau ana ba da kayan miliyoyi a kan kalma ɗaya. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne ko baƙon abu. Mai jari da mai ƙarfi su haɗu a kan ƙiradi, ba a rubuta yadda za a raba riba ba, ba a rubuta wanda zai ɗauki asara ba. Yaron shago ya yi wa maigida shekaru a kan alkawarin za a sallame shi da jari, maigida ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Abokai biyu su buɗe gidan burodi, rajistar sunan kasuwanci da sunan ɗaya kawai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, har mutum ɗaya yana iya kafa kamfaninsa shi kaɗai ya raba dukiyar gida da ta kasuwa, amma wa ya zauna ya bayyana wa mai injin niƙa wannan da Hausa?

Dubi ɗan a-daidaita-sahu. Dokar sayen kaya da biya sannu a hankali ta 1965 ta ce a abin hawa, idan mai karɓa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai bayarwa ba shi da ikon ƙwacewa ya mallake sai ya bi ta kotu. Ta kuma shar'anta a rubuta yarjejeniyar a bayyana farashi. Tun wancan lokaci dokar tana nan, amma har gobe ana ƙwace babur a hannun yaron da ya kusa gama biya don ya yi jinyar mako biyu, ya tafi yana cewa haka Allah ya ƙaddara. Haka zancen haya: galibin dokokin ƙasar nan sun ba mai hayar shekara sanarwar wata shida idan ba a yi wata yarjejeniya ba, mai hayar wata kuma wata guda, sannan kotu ce ke fitar da mutum, ba cire ƙofa ko kwance rufi ba. Shi ma mai gidan ana cutarsa, don akwai ɗan hayar da kan shekara biyu bai biya ba, mai gida tsoho ne da hayar kaɗai yake ci, kuma kuskure ɗaya a takardar sanarwa ya isa ya mayar da ƙararsa baya.

Da yake ba a san hanya ba, sai a nufi caji ofis. Wanda ake bi bashi a kulle shi har danginsa su harhaɗo kuɗi. Dokar ƴan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta hana. Mai bin bashin ba mugu ba ne a koyaushe. Haƙƙinsa yake nema, kuma bai san cewa an kafa kotun ƙananan basussuka domin irinsa ba, inda tun farko aka tsara a saurari bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, mutum ya tsaya da kansa ba lauya, a gama cikin kwana 60. Abin takaici ne a gina irin wannan kotu mai amfani, a bar mutanen da aka gina domin su ba su ji labarinta ba.

Ga abin da nake roƙo. A buɗe ofishin shawarar doka kyauta a kowace daga ƙananan hukumomi 44, ko da ɗaki ɗaya ne a sakatariya, a ƙara da tebur a manyan kasuwannin birni, na ƙauye kuma a riƙa zuwa ranar da kasuwa ke ci. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada bai kamata ya kashe kuɗin mota da yini guda zuwa sakatariyar Audu Bako domin tambayar da za a amsa masa kafin shayi ya huce ba. Ma'aikata ba su yi wuya ba. Muna da tsangayar shari'a a Jami'ar Bayero, muna da reshen makarantar horar da lauyoyi a Bagauda, muna da kwalejin Aminu Kano da ke yaye masu difloma a shari'a da yawansu ke zaune ba aiki, ga lauyoyi masu hidimar ƙasa da ake turo mana duk shekara. A sa lauyan ma'aikatarka ɗaya ya kula da ofisoshi kaɗan, mataimaka su zauna kullum, abin da ya fi ƙarfinsu su miƙa sama. Lallai a haɗa wanda ya san dokar ƙasa da wanda ya san fiƙihu, don matsalar mutanenmu kusan kullum ƙafa ɗaya tana nan ɗaya tana can.

Abu na biyu ya fi arha, kuma kana iya fara shi a wannan shekara. Ma'aikatarka ta tsara takardun yarjejeniya na bai-ɗaya: na sayen fili, na hayar gida da shago, na jingina, na ƙiradi, na bashi, na ba da abin hawa, na wasiyya da kyauta. A rubuta su da Hausa da Turanci gefe da gefe, a fitar da na ajami, don dattawa da yawa da ake kira jahilai a takardun kotu sun fi mu iya karatu, da baƙaƙen da suka sani. A ajiye su wurin masu unguwanni da dagatai da shugabannin kasuwa, a sa su a intanet kowa ya sauke a waya. A bayan takardar sayen fili a rubuta tambayoyin da dole a amsa kafin a biya kuɗi. A sayi lokaci a gidajen rediyo, waɗanda a Kano sun fi kowace jarida isa kunnen jama'a, lauya da malami su zauna tare suna amsa kira.

Na san za a ce wannan zai rage wa lauyoyi abinci. Ban yarda ba. Mutanen da nake magana a kansu ba sa zuwa wurin lauya yanzu ma, kuma ƙa'idar kuɗin aikin lauya da aka fitar a 2023, wadda ta sa mafi ƙarancin abin da za a karɓa, ta kare mutuncin sana'ar amma ta ƙara nisanta ta da mai ƙaramin ƙarfi. Wanda aka duba wa takarda kyauta yau, shi ne zai nemi lauya da kuɗinsa ranar da kasuwa ta buɗe masa. Za a kuma ce masu unguwanni za su ga an shiga gonarsu. A jawo su ciki tun farko. Su suka san wane ɗan wane, su suka san gonar da ke da rigima tun zamanin kakanni. Abin da ya rage shi ne a ba su littafin rajista mai lamba, a horar da su, a kuma hukunta wanda ya buga hatimi sau biyu a fili ɗaya. Wannan sai da hannun masarauta, kuma kai ne ka fi dacewa ka kai maganar.

Kuɗi kuwa, ka fi ni sanin abin da jiha ke kashewa a kan shari'ar fili ɗaya da ta shekara goma tana yawo tsakanin kotuna, da lokacin alƙalai, da ciyar da wanda aka tsare bayan rigimar iyaka ta kai ga sara. Sashe na 17 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa hukuma tabbatar da cewa kotu tana da sauƙin isa ga kowa. Ina roƙon ka sa wannan shiri a kasafin ma'aikatarka na baɗi, ka fara da ƙananan hukumomi uku ko huɗu da kasuwa ɗaya, a riƙa rubuta yawan waɗanda suka zo da irin abin da ya kawo su, bayan shekara a fito da lissafin a gaban Majalisar Dokoki domin a yi masa doka, kada ya mutu da sauyin gwamnati.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Wani mazaunin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, Jihar Kano